Sunayen da Suka Manne a Fayil

Ina buɗe fayil ɗin na yi tsaki. Sunayen duk sun manne a layi guda a kwamfutata: LawaliBelloMurtalaSani.

Ni kaɗai nake koyon rubuta manhaja a nan Gummi, babu wanda zan tambaya. Darasin yau shi ne a jera bayanai, a sa kwamfuta ta kwashe su ta rubuta a fayil. Sai na jera abokaina na Zugu, waɗanda muka watse tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Ashe na manta alamar da ke sauke kowane suna a layinsa.

Inna tana tsintar shinkafa, ta ɗago. "Mi ya faru?"

Na ce, "Sunayen su Lawali ne suka manne, zan raba su."

Ta ce, "Kai ma raba su za ka yi? Bar su hakanan mana."

Lawali yana ramin zinari a Anka. Sani kuwa ko lambarsa ba ni da ita.

Na san gyaran, amma ban taɓa ba.

Ku fa, ina 'yan majalisarku suke yanzu?