Katin da ya ce ni ɗan kasuwa ne

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo mini a gemu ba, na kusa rasa zama a ƙasar da nake ciki yau saboda wata ƴar ƙarya da na yi a Magariya. Ku da kuke yawan tambayata yadda na samu takardar zama ta dindindin, ga yadda aka yi, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Ni ɗan mahauta ne. Mahaifina mahauci, kakana mahauci. Tun ina lakwal nake bin mahaifina mayanka da sassafe, in riƙe ƙafar saniya, in taya fiɗa, sannan in wanke hannu da sabulu sau uku in ruga aji. Duk wankin nan bai hana ƴan ajinmu toshe hanci in na shigo ba, wai ina ƙarnin nama. Da na faɗi jarrabawa sai na koma teburin mahaifina gaba ɗaya, na yi shekara bakwai a kai. Hannuna ya iya aikin sosai, amma kunyarsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da na je yin katin dantite, wato katin shaida, mai rubutun ya ɗago kai ya ce, "Sana'a?" Ashe akwai wata ƴar ajinmu ta dā a layi, daidai bayana. Sai na ji bakina ya ce, "Ɗan kasuwa." Ya rubuta, ya buga tambari. Daga wannan katin aka kwafa a takardar aurena, aka kwafa a duk wata takarda da na yi bayan nan. Yarinyar kuwa ko kallona ba ta yi ba, kuma ba ma ita na aura ba.

Bayan wasu shekaru wani kamfanin nama a wata ƙasar Turawa mai sanyi ya nemi masu yankan halal. Su ba su tsaya kan kati ba. Hoton bidiyo suka ce a ɗauka, a ga mutum da wuƙa a hannu. Na raba cinyar saniya da ƙashinta a gabansu, suka ce in taho. Kamfanin ne ya tsaya mini, shi ya sa takardar zamana a ɗaure take da shi: ba ni da ikon sauya aiki, ba ni da ikon kawo matata da ƴata, kuma ranar da wa'adin ya cika sai dai in tattara kayana. Hanya ɗaya ce ta kuɓuta daga wannan ɗauri, wato samun zama na dindindin.

Na yi duk abin da suka ce. Na zauna jarrabawar harshe sau biyu, don karon farko gumi kawai na yi na fito. Likita ya duba ni, kamfani ya ba da shaida. Saura sharaɗi ɗaya: a nuna mutum ya daɗe a sana'ar. Shekaruna na can ba su kai ba, sai an haɗa da na gida. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na rubuta shekara bakwai ina taƙama.

Sai ga wasiƙa daga ofishin shige da fice. Akwai wata dattijuwa a kamfaninmu da ke kula da takardun baƙin ma'aikata, muna ce mata Madam. Ita ta zaunar da ni ta karanta mini a hankali.

"Sun ce ka rubuta kai mahauci ne shekara bakwai, amma duk takardun ƙasarku na waɗannan shekarun sun ce kai ɗan kasuwa ne. Sun ba ka wata ɗaya ka yi bayani. In ba su gamsu ba, za su ɗauka ƙarya ka yi musu."

Na ce, "To mahaifina ya rubuto mana, ai a wurinsa na yi aikin."

Ta girgiza kai. "Shaidar uba ba ta isa ba. Sai wanda ba danginka ba, kuma mai hukuma a hannu. Sannan kai ma ka rubuta dalilin da ya sa katin ya ce haka. Mene ne dalilin?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana na roba. Wata huɗu ya rage wa'adina ya cika. Ƴata da na bari tana rarrafe ta fara gudu, ni a waya kawai nake ganinta. Wallahi tsoro ya kama ni ranar, irin wanda ban taɓa ji ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne kiran mahaifina. Shi ba ya karatun boko, bai taɓa sanin abin da ke cikin katina ba. Na kira shi bayan la'asar, lokacin da na san ya tashi daga kasuwa. Muka gaisa, na tambayi damina, na tambayi gwiwarsa, na kewaya na kewaya, sannan na faɗa masa.

Ya ce, "Tsaya. Me ka ce musu sana'arka?"

"Ɗan kasuwa, Baba."

"To nama a masallaci ake sayar da shi?"

Na so in yi dariya, amma muryarsa ba ta dariya ba ce. Can ya ce, "Ashe kunyarmu kake ji." Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ƙuruciya ce." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Cewa ya yi, "Wane irin mutum suke so ya yi shaidar?"

Da na yi masa bayani, shi ne ya tuno da likitan dabbobi. A garinmu ba a fitar da nama daga mayanka sai likitan gwamnati ya zo da safe ya duba hanta da huhu, ya buga wa naman tambari. Mutum ɗaya ne ya yi wannan aikin duk shekarun da na yi a teburin mahaifina. Sai dai ya yi ritaya, ya bar Magariya, ba mai lambarsa.

Tsohon nan da gwiwarsa mai ciwo ya hau bayan babur ya tafi Dungas, don can aka ce likitan ya koma. A Dungas aka ce ai ya jima da tashi, a nema a Sassumbrum. Ya dawo gida, ya kwana biyu ruwa ya hana tafiya, ya sake hawa babur. A gonar gyaɗa ya same shi, yana noma. Mahaifina ne ya ba ni labarin yadda suka yi.

Ya ce masa, "Likita, ko ka tuna yaron wajena?"

Likita ya jingina hauya ya ce, "Wanne? Mai ɓoye wuƙa a bayansa in ƴan mata sun gifta?"

Ni da nake zaton ba wanda ya lura! Ashe duk mayanka an sani, ana kallona ne kawai.

Likita ya rubuta shafi guda da hannunsa, da Faransanci mai kyau irin na mutanen dā. Ya faɗi shekarar da ya fara ganina da shekarar da na tafi, ya ce kullum safiya yana duba naman da na yanka, kuma bai taɓa ganin huda a fatar da na feɗe ba. Shi da mahaifina suka je meri, wato ofishin magajin gari, aka tabbatar da sa hannunsa, aka buga tambari. Sarkin fawa ma ya ƙara tasa shaidar da sunayen mahauta biyu.

Saura tawa. Na rubuta wasiƙu uku na yaga, don duk dabara nake yi a ciki: wai kuskuren mai rubutu ne, wai a wurinmu mahauci ma ɗan kasuwa ne. Madam ta karanta ta ukun ta tura mini ita. "Wannan ba kai ba ne. Mutanen nan suna karanta irin wannan kullum, sun san ta." Sai na zauna na rubuta layi biyar. Na ce a garinmu ana raina mahauta, ina saurayi na ji kunyar sana'ar mahaifina, na faɗi abin da ba shi ba, kuma laifina ne ni kaɗai. Na sa hannu na miƙa wa Madam.

Wata biyu da rabi ba labari. Na rame, har abokan aikina suka fara tura mini abincinsu. Ran nan ina tsakiyar aiki shef, shugaban sashenmu, ya leƙo ya ce Madam na kirana. Na shiga ofishinta da rigar aiki da hular leda a ka. Ta juyo mini fuskar kwamfuta, ta nuna kalma ɗaya da yatsa. An amince.

Jama'a, ban san na iya ihu haka ba. Na yi sujada a nan kan dardumar ofis, na tashi na fita na rungume shef, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar muke yi. Na kira matata, ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Kafin shekara ta zagayo ita da ƴata suna tare da ni. Daga baya na bar kamfanin cikin mutunci, yau ina da ɗan shagona na nama, kuma mutane na tahowa daga nesa don yankana.

In na waiwaya, abin da nake gani shi ne duk wahalar nan ni na saya wa kaina, saboda idon mutanen da ko tunawa da ni ba sa yi. Abin da na ɓoye shi ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma shi ne ya zaunar da ni. Ku masu shirin tafiya, ku duba abin da aka rubuta a takardunku tun kuna gida, ku faɗi sana'arku yadda take. Har yau in na tuna tsohon nan a bayan babur cikin laka, yana neman shaidar abin da ɗansa ya musanta, sai kunya ta kama ni.

Shi na kira na ƙarshe ranar da takardar ta fito, don ina jin nauyinsa. Ya saurara har na gama, ya yi hamdala, sannan ya ce, "Yanzu ba mai koro ka ke nan?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Kuma in ka fita, za su bar ka ka koma?"

"Za su bar ni."

Ya ce, "To ka taho gida da ƙafarka in gan ka. Na yafe maka tuni, amma ba a waya nake so in faɗa maka ba."