Kwanon Maƙwabciyata

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na maƙwabciyata a Yelwa, katangar ma ba ta wuce kafaɗata ba. Ni ba mai fita ba ce. 'Ya'yana har tsokanata suke yi, wai in aka ajiye ni a bakin kasuwa sai an yi cigiyata. Amma kunnena yana yawo. Daga kan tabarmata na san ƙarar murfin tukunyarta, na san takun mijinta. Da safe yakan zauna yana goge babur yana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, kullum a wuri guda yake tsayawa ya yi tari, sannan ya ɗora.

Su Mumuye ne, Kiristoci. Mu kuwa kakanninmu daga Zariya suka zo da keken ɗinkinsu. Shekara ashirin da wani abu, duk ranar Kirsimeti sai wani kwanon samira mai furanni shuɗɗa ya haye katangar nan da shinkafa da kaza. Kazar ma maigidana suke kira ya yanka musu tun da sassafe, don mu ci hankali kwance. A wurinmu kuma ba a mayar da kwano haka nan. Da, alkaki nake zuba mata ko cincin. Sai likita ya ce tana da ciwon suga, na rasa abin da zan zuba mata.

Shekarar ce autata ta nuna mini wata mata a waya, tana goga launi a kan farin kati da ɗan soso, tana danna hatimi, sai ga fure ya fito. Na ce ta sake kunna mini. Sau biyar na kalla. Na ce ai wannan ba karatu ba ne, hannu ne.

Ba ni da tawadar kanti, sai na shiga kicin. Na dafa zoɓo ya yi kauri, na sa masa ƙaro don ya kama takarda. In ka ɗiga masa lemun tsami sai ya yi ja mai haske kamar kan zakara. In kuwa kanwa ka ɗiga, sai ya juya a gabanka, ya bar ja ya nufi kore, ya tsaya a wani wuri da ba shi da suna. Kurkur ya ba ni rawaya, bula ta wanki ta ba ni shuɗi. Soso daga tsohuwar katifa na yago. Masu buga katin biki suna ba autata ragowar farin kwali. Hatimi kuwa tsofaffin silifa nake yankawa da reza: ganye, tsuntsu, wata.

Daga gefe ake farawa, a zagaya soson a hankali, kamar ana shafa wa jariri mai. Inda rawaya ta haɗu da ja ba a son a ga iyaka. Nakan zauna bayan la'asar ina zagayawa har in manta inda nake. Wani lokaci sai in ga kamar ba takarda ce a gabana ba, sararin sama ne aka yanko mini ɗan guntu in gyara.

Mijin maƙwabciyata kafinta ne. Ranar da ya ga katin farko, ya leƙo ta katanga.

"Maman yara, da me kike riƙe robar nan?"

Na nuna masa yatsuna, duk sun yi ja.

"Haba. Kamar wadda ta yi yanka. Miƙo hatiman nan."

Washegari ya dawo mini da su, kowanne ya manna shi a jikin ɗan katako mai santsi. Tun daga nan duk hatimin da na yanka ta kan katanga yake bi. Na ƙarshe da ya yi mini shi ne na dutsen nan da muke hangowa daga tsakar gidajenmu. Ya ce dutsen nawa ya fi kama da tulin doya, amma ya manna.

Shekara bakwai kenan kwanon yana komawa da kati kafin sabuwar shekara. A ta takwas, kwana uku bayan Kirsimeti, na ji safiya ta waye babu waƙa. Na jira tarin, shiru. Sai kukan maƙwabciyata.

Na shiga na yi gaisuwa, na zauna da ita kwanaki. Amma kwanon yana ɗakina, katin da na fara kuma ja ne wur, da tsuntsaye biyu. Ta yaya zan miƙa wa mai zaman makoki wannan? Na ce bari in yi wani. Na yi, na yaga. Na sake yi. Rawaya ta yi mini kama da dariya, shuɗi ya yi sanyi da yawa. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce.

Rannan na ji muryar babban ɗanta ta bayan katanga. Da yarensu yake magana, amma shekara ashirin ba wasa ba ce, na tsinci abin da na tsinta. Zai mayar da ita ƙauyensu can wajen Zing da zarar ruwan farko ya sauka.

Daga ranar na fara jin gidan yana raguwa. An fitar da benci. An tura babur, ba a ma tayar da shi ba. Muryarta ta fara amsawa a cikin ɗaki, yadda murya ke yi in babu kaya.

Wata yamma ta ɗora haɓarta a kan katanga.

"Maman yara, kwanona ya tafi Makka ne?"

"Yana nan, Mama. Launin ne bai zauna ba."

"Wata huɗu? Ko rini ne ai ya kama." Da irin Hausarta ta faɗa, ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji tun rasuwar. "Asabar zan tafi fa."

Na koma ɗaki na dubi kwanon a kan kabad. A nan na gane ba launi ne ya hana ni ba. A raina gani nake muddin kwanonta yana hannuna ba za ta iya tafiya ba, kamar yadda mutum ba ya barin gida da takalmi ɗaya.

Ranar Alhamis aka yi ruwa kafin asuba. Da na idar da salla na fito tsakar gida, gari ya yi tsit, ƙasa tana ƙanshi. Daidai lokacin da marigayin yake fitowa goge babur ne. Na ɗaga kai na ga dutsen, bai gama farkawa ba. Ba kore ba ne, ba shuɗi ba, ba toka ba, gajimare ya kwanta a kafaɗarsa. Na ce ai na san wannan launin. Yana cikin zoɓo, a wurin nan da ba shi da suna.

Na ɗiga kanwa kaɗan-kaɗan ina jira, har ya kai. Na goga shi daga ƙasan kati, ina sassauta hannu yayin da nake hawa, har ya narke cikin farin takarda. Can sama na shafa kurkur, kaɗan ƙwarai, kamar rana tana shawarar fitowa. Sannan na ɗauko hatimin dutsen. A jikin katakon akwai shaidar babban yatsansa, inda gam ya bushe. Na ɗora nawa yatsan a kai na danna.

Autata ce ke yi mini rubutu a katuna. Wannan karon na ce ta bari.

Ranar Juma'a ban miƙa ta katanga ba. Na sa mayafi na zagaya ta ƙofa. Na same ta zaune a kan buhu, ɗakin fayau. Ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallon katin.

"Tulin doyarsa," ta ce.

Ta jawo littafinta na coci ta buɗe, sai ga katuna bakwai a tsakanin shafuka. Kunya ta kama ni. Duk sun koɗe. Jan nan da nake taƙama da shi ya koma kalar shayi.

"Mama, ashe ba sa daɗewa."

"Ni na san yadda suke da," ta ce. Ta sa na takwas a cikinsu ta rufe.

Na miƙe zan tafi, ta ce in tsaya. Ta kwance bakin buhun da take zaune a kai, ta ɗebo gyaɗa ta cika kwanon, ta ɗora mini a hannu.

"Mama, ai naki ne. Yanzu fa na kawo."

"Na sani. Ki kawo mini da Kirsimeti. Ba aike ba, da ƙafarki."

"Ni da ban taɓa wuce Sunkani ba? Can ɗin ma biki ne ya kai ni."

"Mota ce za ta yi tafiyar. Ke zama kawai za ki yi, kin iya ai."

Da Disamba ta zo, maigidana ya kai ni tasha da kansa, yana ta dariya. Na zauna a bakin taga, kwanon a cinyata, sabon kati a ciki, na danne murfin da hannu biyu. Da muka fita gari na waiwaya ina neman dutsenmu. Da ƙyar na gane shi. Shekara talatin ina kallonsa ta fuska ɗaya, ban san yana da baya ba. Na yi ta kallonsa har ya ɓace, ina lissafa ɗigon kanwa nawa zai ci.