Littafin Lissafin Jamus da Aka Binne

Yabo ya tabbata ga Allah wanda iliminSa ya kewaye kome. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, cikin littattafan da na gada akwai guda wanda ba na addini ba. Ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, takardarsa mai kauri, baƙaƙensa na Jamusanci masu ƙahonni. Kakana ya same shi hannun wani Bajamushe da yake kai wa fatu a bakin teku, wanda ya ce masa ko a ƙasarsu irinsa ya yi wuya, don tun farkon buga littattafai aka buga shi. Lissafin fatake ne a ciki: ga zanen ma'auni, ga ganguna, ga mutane zaune suna ƙirga da tsakuwa. Lambobin ina gane su, domin na karanci rabon gado. Amma bayanin da ke kewaye da su, ko kalma ɗaya ban taɓa ji ba, haka mahaifina, haka kakana. Mahaifina ya ɗinka masa jar gafaka, ya jera shi da sauran.

Sai ga jikata da ke zaune unguwar Adidogomé ta shiga jami'a tana karatun Jamusanci.

"Tsoho, me za ka ba ni in na karanta maka?" in ji ta.

"Ai ke ce amarya, duk abin da na mallaka naki ne."

"Wato buta da tsohon buzu ke nan."

Muka yi da ita in ta gama jarrabawa za ta zo da ƙamus. Na fara jin ashe zan ji abin da ke cikinsa kafin in mutu.

Damina ta sauka ina kwance asibiti, an cire mini yanar ido. Ruwa ya shiga unguwarmu ta Zongo, ya kai har gwiwa a ɗakin karatuna. Da na dawo ƙanena ya tare ni a zaure.

"Yaya Malam, littattafan da suka tsira suna bisa rufi suna shan rana. Waɗanda suka narke mun binne su bayan masallaci, yadda ka koya mana."

"Ƙaramar jar gafakar fa?"

"Ta kumbura, ba mu buɗe ba, gudun kada ayar Allah ta yage a hannunmu. Ita muka fara sawa a ramin."

Ban ga laifinsa ba. A gidanmu duk abin da ke cikin gafaka, da alwala ake taɓa shi.

Jikata ta zo da ƙamus ɗinta. Da ta ji labari ta ce, "Kaka, a ba ni shebur. Wataƙila tsakiyarsa bai lalace ba."

Na je na tsaya kan wurin, ƙasar ba ta ko bushe ba. Littafin yana can ƙasa, a bisansa kuwa warƙoƙin Alƙur'ani ne da suka manne da juna, babu ta inda shebur zai kai gare shi sai ya ratsa su. Na daɗe tsaye, raina yana nema mini fatawa, na kuwa san ba zan ba wani ita ba.

Na ce mata, "A bar shi."

Ba ta yi mini tsiya ba ranar. Ta kama hannuna, don idon bai gama warkewa ba, muka koma gida.

Allah Ya yi wa mai karanta wannan albarka, Ya tsare shi da iyalinsa, Ya sanyaya zuciyar duk wanda ya rasa abin da yake so. Amin.