Kujerar Haji Shamroz

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Rajab, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran kakana, Haji Shamroz Khan, wakilin ƙauyukan ƙarshen magudanar ruwa a majalisar gundumarmu.

Baba, ni ne Torialai, jikanka da kake cewa allo kaɗai ya iya zaunar da shi, shi ma da ƙyar. Yau ba tsokana na zo yi ba.

Tun da kotu ta tsige mutum ɗaya daga ɓangarenku, kuka koma ashirin da ɗaya, 'yan adawa ashirin. Daga nan ba ka ƙara fashin zama ba, ko da zazzaɓi. Wata safiya na ɓoye haƙoranka na roba cikin butar shayi, ina jiran in ga ka fasa tafiya. Ka yafa mayafi, ka dube ni da baki a shanye, ka ce, "Ɗan banza, hannu ake ɗagawa a can, ba cizo ake yi ba."

Shekara uku kana bin ƙudurin da zai sa a raba ruwa da awo, don gonakinmu su daina shan ragowar na masu tudu. An tsayar da ranar Laraba don kaɗa ƙuri'a, ka tafi ranar Talata. Majalisa ta yi maka Fatiha ta tashi, kamar yadda ake yi in wakili ya rasu. Saura ashirin da ashirin, kuma kunnen doki faɗuwar ƙuduri ne. Zaɓen cike gurbi sai bayan wata biyu, shukar alkama kuwa ba ta jira.

Ran uku Malik Tajbar, ɗaya daga wakilan 'yan adawa, ya zo gaisuwa, mutumin da kuka shekara goma ba ku ci abinci a faifai ɗaya ba. Ya tambaye ni yaushe aka mayar da ƙuri'ar, na ce Litinin. Ya daɗe yana shafa gwiwarsa, sannan ya ce, "Yaro, ina jin ciwon nan ranar Litinin zai tashi." Na ɗauka ba'a ce, don na san kamanninta. Bai je ba, Baba. Naku ashirin, nasu sha tara aka tashi, ƙudurin ya wuce.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Allah Ya ba kakata Bibi Zarlashta, da iyayena, da mutanen ƙarshen magudana haƙurin rashinka. Amin.