Ni da Surukata a Sinimar Mota

A bakin mutane umra ce ta kawo surukata, amma ni na san ba ita kaɗai ba ce. Matata na da cikin fari, Hajiya kuma ta zo ne ta tafi da ita Kano goyon ciki. Ni ban so ba ko kaɗan. Iƙamar matata, wato takardar izinin zamanta a Saudiyya, ta kusa ƙarewa, kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, mutum ne mai jan ƙafa wajen sa hannu, in ta fita ban san ranar da za ta dawo ba. Amma wa zai kalli idon suruka ya faɗi haka? Tun da ta sauka a ɗan gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda nake sulalewa kafin ta idar da lazimin safe, in na dawo in gaishe ta daga bakin ƙofa a durƙushe. Ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina nan a wurin za ta dubi 'yarta ta ce, ce masa an gode da lemo.

Sai na ƙulla a raina cewa zan nuna mata 'yarta na jin daɗi a Jidda, ba a kulle take ba, ko Allah zai sa ta haƙura ta bar mini ita.

Wani dattijon direba a masana'antar da nake aiki, Bahaushe haifaffen nan wanda rabin maganarsa Larabci ce, shi ya ba ni shawarar sinimar mota. Ya ce suna yara a tsakar gidaje ake nuna fim a tsohon gari, a rataya farin ƙyalle a jera kujeru, daga baya aka rufe kome, har ya yi furfura bai sake ganin majigi ba. Da aka sake buɗe sinima, ga korona ta hana cunkoso, sai aka ɗauko wannan tsohuwar dabara ta Amurkawa, wadda ko can ta kusa mutuwa saboda an sayar da filayen an yi gine-gine. Kowa ya zauna a motarsa da iyalinsa, babu mai gogar kafaɗar wani. Ya ce yanzu ma sai lokacin sanyi ake kafa ta, ta yi ɗan kwanakinta a naɗe. Ya rantse mini wuri ne na mutunci, yalla, maza in kai su. Abin da ya fi ja na shi ne babu cakuɗuwa da maza, don na san a wurin Hajiya sinima ta 'yan iskan gari ce.

Ban ma ce sinima ba. Na ce wa matata ta ce wa Hajiya za mu je shan iska.

Bayan magariba muka isa, wani makeken fili a gefen gari da allo ya kai tsayin bene. Masu tsaron wurin suka nuna mini gurbi a tsakiya, motoci suka rufe ni gaba da baya. Matata na gefena, Hajiya na baya da carbinta. Da ta ga allon sai ta ce wa 'yarta, tambaye shi wa'azi za a yi? Na ce a'a, tarihi ne na Indiyawa. Da hoton talla na zaɓi fim ɗin: wani tsoho mai sanda da jikokinsa, kowa da tufafinsa cikakku.

Abin da dattijon nan bai gaya mini ba shi ne, a sinimar mota murya ba a waje take ba. Rediyonka za ka murɗa, ta shigo cikin motarka. Motata kuma lasifikar gaba ta daɗe da mutuwa, ta baya ce kawai ke aiki, daidai kunnen Hajiya.

Tsohon mai sanda bai daɗe ba ya rasu. Jikarsa ta girma, ta haɗu da wani saurayi mai tulin gashi, suka shiga lambu, ruwan sama ya tsuge. Ba sai ka iya Indiyanci za ka gane abin da saurayin ke raɗawa ba, kuma a ƙeyar surukata yake raɗa shi. Na miƙa hannu da sauri. Na kashe rediyon. Abin ya ƙara lalacewa, don yanzu ga mu shiru mu uku, ga mutane biyu kowannensu ya fi gidanmu tsawo suna birgima a ciyawa, babu abin da ake ji sai ƙarar carbin Hajiya. Na tayar da mota da niyyar gudu, fitiluna suka haske motocin gaba, aka hau yi mini ham ta ko'ina. Mai tsaro ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce in kashe, babu fita sai an tashi, halas, wato magana ta ƙare.

Na ce zan sayo gugguru. Na fita, ban dawo ba. Bayan motata na tsaya kamar mai gadinta, na juya wa allo baya, ina tsine wa dattijon direba da Indiyawa da Amurkawa gaba ɗaya. Can sai na ji kiɗa ya dawo, matata ta kunna. Daga baya na ji dariya, irin wadda matata ke yi har da dukan cinya. Na tsaya ina tunanin yaushe rabona da jin ta, na kasa tunawa da ko sau ɗaya a Jidda. Amma har ga Allah murna na yi, na ce Hajiya ta ji da kunnenta, 'yarta na cikin daɗi.

A hanyar komawa babu wanda ya ta da zancen lambu. Mun kusa gida Hajiya ta tambayi 'yarta ko nan muke yawan zuwa. Ta ce a'a, yau ne farko. Hajiya ta ce to ina nake kai ta in na tashi aiki. Ni kuma ina ta lalubo amsa a raina, bakin teku, kasuwa, gidan wasu 'yan'uwa, duk wuraren da na sha cewa za mu je ran Juma'a.

"Asibiti, ranar awo," in ji matata. Ba da fushi ta faɗa ba.

Hajiya ta ce, "To."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan "to" ba, ta lambun nan wasa ce a kanta. Da Hajiya ta shige ciki na tsayar da matata a ƙasan bene, na tambaye ta ita me take so, zama ko tafiya. Ta dube ni da mamaki, don tun da aka fara maganar ni da uwarta muke ta ja ta bakinta, babu wanda ya tambaye ta.

"Ina son in haihu inda zan ji motsin mutane," ta ce. "Ka yi haƙuri."

Na ce babu kome. Muka hau sama, na taka kujera na sauko mata da babban akwatinta daga kan kabad.