Zazzabin da Inna Ta Ƙirga wa Kwana

'Yata tana da shekara uku lokacin da zazzabin ya kama ta. Muna zaune a Palladan, ina koyarwa a wata firamare a Samaru, mijina kuma yana da shagon kayan lantarki a Sabon Gari. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta baro ƙauye ta zo zama da mu don ta riƙa kula da yarinyar idan mun fita. Ita da jikarta ƙawaye ne, kullum suna faɗa a kan ƙanzon tuwo.

Da na lura jikin yarinyar da zafi sai na yi abin da kowa ke yi, na sayo maganin zazzabin sauro a kemis. Ta shanye shi tas, zazzabi ko gezau. Sai idanunta suka kaɗa suka yi ja, leɓenta ya tsage, ƙuraje suka feso mata a ciki da baya. Ga rigima. Yarinyar da ba ta da ƙiwa ta koma ko inuwarka ba ta son gani.

Inna ta ɗaga rigarta ta duba, ta ce, "Baƙon dauro ne."

A wurin su Inna, ƙyanda baƙo ce, kuma baƙo ba a yi masa gaggawa. Ba a fita da yaro iska, ba a yi masa wanka da ruwan sanyi, kuma ko kusa ba a yi masa allura, don wai allura tana mayar da ƙurajen ciki su kashe shi. Ta rufe taga, ta jiƙa tsamiya, ta kafa kujerarta a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, an fa yi mata rigakafi. Ga katin nan."

Ta ce, "Ke, yara nawa kika raina? Ni bakwai na fitar daga wannan ciwon, har da ke. Katin ne zai koya mini?"

Ina da baki, duk makarantarmu an san ni da shi. Amma gaban Inna sai na yi laƙwas. Har yau idan na tuna kwanakin da na bari suka wuce ina jin haushin kaina. Ni mai koya wa 'ya'yan mutane kiwon lafiya a allo, na zauna ina kallon ruwan tsamiya.

Inna ce da kanta ta warware abin. Ran Asabar da safe na same ta ta ɗora yarinyar a cinya tana jujjuya hannayenta, waɗanda suka kumbura suka yi suntum, har ba ta iya riƙe kofi. Ta taɓa kaluluwar da ta fito mata a wuya.

Can ta ce, "Ba ta tari. Ba majina. Idon ja, amma babu kwantsa. Wannan ba baƙon da na sani ba ne. Ɗauko mayafinki."

A babban asibiti wata likitar yara ta karɓe mu, 'yar siririya mai magana a hankali. Ta sa yarinyar ta buɗe baki, ta ga harshen ja zur, ta dubi tafin ƙafa, ta sa aka ɗebi jini. Sannan ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce ciwo ne da ke kama ƙananan yara, yana sa hanyoyin jini su kumbura a duk jiki. Ba ɗaukarsa ake yi ba, kuma har yanzu ba a san takamaiman abin da ke kawo shi ba. Ƙurajen da jan idon za su wuce da kansu. Abin tsoron shi ne jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, don idan aka makara suna iya buɗewa su lalace. Maganin ya fi aiki idan an ba da shi kafin zazzabi ya wuce kwana goma.

Ta ce, "Yaushe ya fara?"

Na ce, "Talata."

Inna ta ce, "Lahadi ne. Da muka dawo daga coci na goya ta, na ji bayana kamar an ɗora mini tukunya. Ran Litinin ta ƙi kunu. Ke Talata kika gani. Yau kwana bakwai."

Mai jiran baƙon dauro ba ya wasa da lissafin kwana, shi ya sa ta riƙe. Likita ta goge abin da ta rubuta, ta ce, "Na gode, Mama. Ashe kwana uku ya rage mana, ba biyar ba."

Aka ba mu gado, aka fara ba yarinyar asfirin. Babban maganin kuwa wani ruwa ne da ake tacewa daga jinin masu lafiya, ana sa shi ta jijiya, kuma babu shi a asibitin a ranar. Mijina ya rufe shago ya bi kemis-kemis na Sabon Gari, wasu ko sunan ba su taɓa ji ba. Ran Lahadi ya hau mota zuwa Kano, ran Litinin da hantsi ya shigo ɗakin da shi a cikin kula mai ƙanƙara, ya rungume ta a ƙirji.

Da nas ta zo sa allurar, Inna ce ta riƙe hannun. Ta kau da kai, bakinta yana motsi da addu'a, amma ba ta saki ba. Washegari zazzabin ya sauka. Yarinyar ta buɗe ido ta ce wa kakarta ta tashi mata daga gado.

Sai dai hoton zuciyar da aka ɗauka ya nuna jijiya ɗaya ta ɗan buɗe. Aka ce mu ci gaba da asfirin, mu dawo bayan mako shida. A makonnin nan fatar yatsunta ta yi ta saɓulewa, tana nuna wa maƙwabta kamar abin ado. Ni kuwa ko gudu ta yi a tsakar gida sai gabana ya faɗi.

Ranar komawa Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu. Aka kwantar da yarinyar, aka shafa mata wani mai sanyi a ƙirji, likita ta yi ta zagaya na'urar tana kallon allo. Ni ba na gane komai a ciki. Inna ma haka, amma ta tsura masa ido.

Ta kasa haƙuri ta ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya. Kwanakin da na tsare ta a ɗaki, sun yi mata illa?"

Ban san tana ɗauke da wannan a ranta ba. Ko sau ɗaya ba ta faɗa ba.

Likita ta ce, "Jijiyar ta koma daidai, Mama. Zuciyarta lafiya lau."

Inna ta gyaɗa kai, ta fita. Na same ta a kan benci a baranda ta rufe fuska da gefen zani tana kuka, ita da ban ga hawayenta ba ko ranar da aka binne mahaifinmu. Na zauna kusa da ita, ni ma na yi nawa. Muna nan har yarinyar ta fito ta ja mu, wai yunwa take ji.