Babaji Mai Tafireta da Shafin Siddiq

Kafin kwamfuta ta shigo Katsina, duk mai takardar da yake so hukuma ta karanta wajen Babaji yake zuwa. Teburinsa da tafiretarsa suna ƙarƙashin wani iccen bedi, ba nisa da sakatariya. Takardar neman aiki ce, ƙorafin fili ne, wasiƙar tsohon da fanshonsa ya maƙale ce, Babaji zai saurare ka ido rufe, sannan ya buga maka abin da kai kanka ba ka san kana nufi ba. Sakandare kawai ya gama, amma ya ci ƙamus kamar tuwo. Har manyan ma'aikata Malam Babaji suke ce masa.

Abokinsa na ƙuruciya shi ne Siddiq. Layinsu ɗaya a Ƙofar Durbi. Siddiq bai wuce aji shida na firamare ba ya bi kawunsa sana'ar hatsi, yau yana Dandume, gobe Mashi, jibi Jibiya. Ko rasit zai rubuta sai ya zo wajen Babaji. Babaji yana son sa da gaske, kuma in za a faɗi gaskiya, har da wannan zuwan yana cikin abin da ya sa yake son sa.

Da soja suka miƙa mulki a 1999, gari ya fara sauyawa. Wayar hannu ta zo, shagunan kwamfuta suka buɗe a kowace kwana, masu zuwa gindin bedi suka ragu har ya zama Babaji yakan wuni yana korar ƙuda. Da furfura a gemunsa ya je ya koyi kwamfuta, ya samu kujera a wani shagon buga takardu a Ƙofar Guga. Ana ci ana sha, amma ba wanda yake zuwa don shi. Kowa takardarsa a rubuce yake kawowa, a buga masa kawai.

Wajen shekara goma sha ɗaya da komawar mulki hannun farar hula, wata ranar Juma'a bayan la'asar, Siddiq ya zo majalisarsu a kan sabon babur. Ana ta yi masa barka, wani ya tambaye shi sirrin.

"Wallahi ba wani sirri," in ji Siddiq yana dariya. "Wani mai kiwon kaji ne daga Ibadan ya dame ni da waya, kullum nawa masara, nawa waken suya. Sai mai kafen layinmu, shagon nan da ake biya a hau kwamfuta, ya buɗe mani shafi a intanet, bulog ake ce mashi. Duk kasuwar da na ci sai in rubuta farashi, in sa hoto. Yanzu mutanen da ban taɓa gani ba su ke kira na in saya masu, su ba ni la'ada. Har wani kamfanin abincin kaji ya sa talla."

"Kai ke rubutawa?" Babaji ya tambaya.

"Ni mana. Da ɗan turancina na kasuwa."

Aka yi dariya. Babaji ma ya yi, amma shayin da ke hannunsa ya huce bai sha ba.

Washegari ya buɗe shafin a wurin aiki. A layin farko kaɗai ya ga kuskure huɗu. Masara ma da turanci ba a rubuta ta daidai ba. A ƙasa kuwa mutane sun yi layi suna godiya, daga Legas, daga Anaca, har daga Maraɗi. Shi da ya yi shekara ashirin da biyar yana rubuta wa Katsina wasiƙa, ba wanda ya taɓa gode masa daga Legas.

A satin nan ya buɗe nasa. Ya zauna ya rubuta dogon sharhi a kan dimokuraɗiyya da tarbiyyar matasa, da turanci mai nauyi, irin wanda sai an nemi ƙamus. Ya bi duk shawarar da ya gani a intanet kan yadda ake samun kuɗi da bulog: ya nemi a sa masa talla, ya riƙa rubutu sau uku a sati. Akwai wani ɗan akwati a gefen shafin da ke nuna mutum nawa suka shigo. Kullum sai ya duba shi sau goma. Daga baya ya gane yawancin shigowar tasa ce.

Matarsa Lailatu ta lura abinci ba ya shiga.

"Malam, wai mi ke damun ka ne?"

"Mutumin da bai iya rubuta sunan masara ba, shi duniya ke karantawa."

"To ai su masarar suke nema, ba sunanta ba. Kai ma ka rubuta abin da ka sani mana. Mutum nawa ne ba su iya takardar neman aiki ba?"

Shawara ce mai kyau, kuma ya sani. Amma ya ga in ya bi ta ya sauko daidai da Siddiq ke nan, sai ya share.

Ranar da Siddiq ya biya kujerar Makka, Babaji ya je ya yi masa murna har da rungumar juna. Daga nan bai wuce gida ba. Ya shiga wani kafe a bayan tasha inda yake ganin ba a san shi ba, ya buɗe shafin abokinsa, ya rubuta a ƙarƙashin farashin ranar da sunan ƙarya. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya sayi masara ta hannun mai wannan shafi, an cika masa buhu da tsakuwa da ƙwari, jama'a su yi hattara. Layi biyar ne, ba kuskure ko ɗaya. Da ya fito sai ya ji jikinsa sakayau. Kafin ya kai gida daɗin ya gudu.

Kwana uku bayan haka Siddiq ya shigo shagon Ƙofar Guga, fuskarsa ta faɗa.

"Babaji, an kashe ni. Wani maƙiyi ya yi mani ƙazafi a shafina. Mutum biyu sun janye cinikinsu, na Ibadan ma ya daina ɗaukar wayata. Ni ban iya maganar da za ta wanke ni ba. Kai ne mai alƙalami. Don Allah ka rubuta mani amsa."

Babaji ya ajiye aikin da yake yi. Ya jawo kujera ya ce, "Zauna, faɗa mani yadda kake awo."

Siddiq ya yi ta bayani: yadda yake zazzage buhu a gaban mai kaya, yadda ake sheƙewa, sunayen dillalan da suka san shi shekara talatin. Babaji ya rufe ido kamar da, ya saurara, sannan ya buga. Bai zagi mai ƙazafin ba. Ya gayyace shi ya faɗi ranar cinikin da kasuwar da lambar motar da ta ɗauki kayan. Ya san ba mai amsawa. A duk rayuwarsa bai taɓa rubutu mai kyan wannan ba.

Amsar ta yi aiki. Na Ibadan ya dawo, har ya kawo wasu. Mutane suka yi ta yabon Siddiq, wai ashe haka yake da ilimi da haƙuri. Babaji ya zauna ya karanta yabon ɗaya bayan ɗaya, haƙoransa a cije.

Tun daga nan duk Asabar Siddiq yake kawo masa farashi a rubuce a bayan kwalin sabulu, shi kuma ya gyara ya sa, a sallame shi da abin cefane. Nasa shafin ya bar shi har ya manta kalmar sirrin shiga. Aka yi shekara shida a haka, sannan ciniki ya koma waya kacokan, aka daina shiga bulog, Siddiq ya rufe shi ba tare da ya damu ba, don lokacin yana da rumbuna uku da mota.

Sai da hawan jini ya kwantar da Babaji sati biyu ya yanke shawarar sauke abin da ke ransa. Siddiq ya zo dubiya da ledar lemo, Babaji ya ce Lailatu ta ba su wuri.

"Alhaji, akwai haƙƙinka a kaina. Ƙazafin nan na masara..."

"Kai ne," Siddiq ya katse shi yana ɓare lemo. "Na sani. Mai kafen bayan tasha surukin ƙanena ne, washegari ya faɗa mani."

"Ka sani, kuma ka zo wajena?"

"To wajen wa zan tahi? Wa ya kai ka iya rubutu a garin nan? Na yafe tun ranar. Ungo, sha."

Bayan ya tafi Lailatu ta shigo ta tarar da mijinta yana kallon silin.

"Ya yafe?"

"Ya yafe. Tun shekara nawa ma, bai ko bari na roƙa ba." Ya juya ya fuskanci bango. "Ke duba mutumin nan don Allah. Har a nan ma sai da ya riga ni."

Lailatu ta kwashe ɓawon lemon, ta ce masa ya tashi ya sha magani, an kusa kiran azahar.